Kujera Arba'in, Malamai Dubu Takwas

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya ɗaga sama ba tare da ginshiƙi ba, ya saukar da ruwa gwargwadon awo. Bayan haka, ya ku masu saurare, ni ne Jatau ɗan Barmo, haifaffen Tudun Gawo, wanda ya bar gida yana ɗan shekara ashirin da biyu, ya yi furfura a ƙasar da mahaifinsa bai taɓa jin ko sunanta ba. Kun sha tambayata abin da ya kawo ni Gaɓar Kudu. Yau da rana ta yi sanyi, aiki kuma ya yi sauƙi, ku gyara zama in ba ku labarin tun daga tushe.

Wani falken gishiri ne ya fara jefa mini abin a zuciya. Ya sauka a gidanmu kwana uku, yana ba mu labarin Birnin Marmaro, can bayan Tekun Ciyawa, inda ake koyar da ilimin ruwa da na taurari da lissafi. Ya ce duk wanda ya kammala karatu a can ana yafa masa shuɗiyar alkyabba, daga ranar nan ba ya ɗaukar kaya, ba ya taɓa laka, ba ya miƙewa don kowa sai dai a miƙe masa. Na gaya wa mahaifina ilimi zan je nema. Ya sa mini albarka, ya haɗa mini guzuri. Yanzu da na tsufa ba na jin nauyin faɗin gaskiya: ilimin ina sonsa, amma alkyabbar ce ta fitar da ni daga gida.

Wata biyu na yi ina tafiya a ƙasa kafin na isa bakin Tekun Ciyawa. Sunan bai yi ƙarya ba. Ciyawa ce da ta fi giginya tsawo, tana kaɗawa iyakar ganin ido, wanda duk ya shiga da ƙafa ba a sake jin ɗuriyarsa. A kan kunkuru ake ƙetare ta, irin kunkurun ƙasar da bayan kowanne ya kai faɗin zaure, a kafa rumfa a kai, mutum goma sha biyu su zauna da kayansu. Mai jan namu sunansa Cindo, wani gajeren mutum marar yawan magana. Kabewa yake ɗaurawa a kan dogon gora ya miƙa ta gaban hancin kunkurun, duk inda ya karkata goran nan muke nufa. In an yada zango ya ba shi kabewar ya ci, gobe a ɗaura wata. Cikinmu goma sha biyu, mutum tara makaranta za mu.

A kwana na ashirin da shida, da hantsi, muka hango hayaƙi ta gabas, iska tana turo shi wajenmu. Nan take mu tara muka kaure da gardama. Wasu suka ce a yi arewa, wasu suka ce kudu, wani ya ciro allo yana lissafin saurin iska. Cindo kuwa ya miƙe. Ya miƙo mini goran ya ce in ɗaga kabewar sama yadda kunkurun ba zai motsa ba, ya sauka da ƙyastu, ya cinna wa ciyawar da ke yammacinmu wuta. Iska ta kwashi wutarsa ta yi gaba da ita, ta bar mana fili baƙi ƙirin. Ya hau ya ja mu tsakiyar tokar. Da babbar gobarar ta iso ba ta sami abin ci ba, ta rabu biyu ta wuce mu, kunkurun ya maƙale kansa a ciki, mu kuma muka rufe fuska da riguna muna salati.

Da muka huta na tambaye shi ko yana yawan ɗauko malamai masu komawa garuruwansu. Ya ce shekara goma sha biyar ke nan yana kai masu neman karatu, bai taɓa dawowa da ko ɗaya ba. Ni a lokacin albishir na ɗauki maganar. Na ce a raina lalle garin da daɗi.

Birnin Marmaro yana kwance a gindin wasu duwatsu biyu. Tsakanin duwatsun akwai katanga ta baƙin dutse da mutanen farko suka gina, tsawonta sama gaba ɗari, tana riƙe da tafkin da ake kwana uku a kwale-kwale ba a kai ƙarshensa ba. A jikin katangar akwai ƙofofin ƙarfe bakwai, kowace tana zuba ruwa cikin magudana guda, magudanan bakwai kuwa su ke shayar da gonakin ƙasar duka. Mutum arba'in ne ke yanke ranar da za a buɗe kowace ƙofa da ranar da za a rufe ta. Ana ce musu Masu Kujera. Suna zama a wani soro a kan katangar, kuma ba abin da ke sauke mutum daga kujera sai mutuwa. Don a riƙa samun magadansu aka kafa makarantar tun asali.

Shekara bakwai na yi ina karatu, kuma har in mutu ba zan kushe waɗannan shekarun ba. Na koyi yadda ake duban gajimare a san ruwan da ke cikinsa, da yadda ake auna zurfin tafki da igiya da dutse, da yadda ake lissafin nauyin da ruwa ke ɗora wa gini. Ranar da hasashena na cikar tafki ya fara zuwa daidai, yini na yi ina murmushi ni kaɗai, har abokan ɗakina suka zaci wata yarinya na gani a kasuwa.

Mu ɗari shida aka yafa wa alkyabba a shekararmu. Na shafa ta, na ji laushinta, na yi tafiyar ƙasaita har bakin ƙofa. A nan wani magatakarda ya miƙo mini ɗan katako da aka ƙona lamba a jiki: dubu takwas da ɗari huɗu da goma sha biyu. Na tambaye shi ta mece ce. Bai ɗago kai ba, ya nuna mini gangare da alƙalami ya ce in bi hanya, zan ga Unguwar Jira.

Unguwar ta fi garinmu girma sau biyar, kuma duk inda ka duba shuɗi ne. A can na haɗu da Malam Tunau, wanda ya ba ni rabin ɗakinsa. Dogo ne, siriri, gemunsa ya fara fari, shekararsa goma sha tara yana jira. Kowa a unguwar ya yarda ba a taɓa yin mai lissafi kamarsa ba, har malaman makaranta sukan aiko masa da abin da ya gagare su a ɓoye. Shi ya warware mini yadda abin ya faro. A dā, in ji shi, mutum goma ake yayewa a shekara, wanda bai sami kujera ba ya koma ƙauyensu ya zama mai duba musu ruwa. Sai wani sarki da ya so girmama ilimi ya kafa doka cewa mai alkyabba ba ya aikin hannu, kuma yana da mudun hatsi kullum daga rumbun gari har ya sami kujera. Daga nan kowane manomi ya sayar da sansa ya tura ɗansa makaranta, kowane maƙeri, kowane masunci. Kujeru kuwa suna nan arba'in, kuma masu su Allah ya hore musu tsawon rai.

Ba zan ce zaman babu daɗi ba. Da safe mu karɓo mudunmu, da rana mu taru a gindin tsamiya ana muhawara, wani ya kawo baiti wani ya warware. Na yi abokai a nan da har yau nake yi musu addu'a. Amma na lura da wasu abubuwa sannu a hankali. Mudun yana ƙanƙancewa kowace shekara, domin masu noma suna raguwa, masu ci suna ƙaruwa. Mutane suna ƙirƙiro wa kansu muƙamai, wannan shugaban masu jira na layin gabas, wancan mataimakinsa, har a kai ga dambe a kan wanda zai zauna kusa da gindin bishiya. Dattawa masu furfura suna zaune ba iyali, suna cewa sai kujera ta samu. Kuma duk hirar da aka fara, ko ta taurari ce, a kan Masu Kujera take ƙarewa: wane ya fara tari, wane an ga yana dogara sanda.

A shekarata ta uku a unguwar ɗaya daga cikin arba'in ɗin ya rasu. Aka yi jarrabawa a fili, gaban jama'a, kwana uku. Malam Tunau ya amsa komai, har ya gyara wa mai tambaya kuskure a tambayarsa. A rana ta huɗu aka yi shela an ba ɗan 'yar'uwar shugaban Masu Kujera, wani matashi da aka yaye bara.

Na zaci zai yi kuka ko ya yi zagi. Ya dawo ɗaki, ya ninke alkyabbarsa, ya zauna. Sannan ya ce mini, "Jatau, ka san gonakin wa magudana ta farko take fara shayarwa?"

Na ce ban sani ba.

"Ni na sani. Shekara ashirin da biyu ina da lissafin a kaina, ban taɓa faɗa ba, don ina tsammanin wata rana zan zauna tare da su."

Washegari ya fita ƙauyuka. Ya riƙa tara manoma yana nuna musu, da tsakuwa a ƙasa yadda kowa zai gane, cewa gonakin Masu Kujera suna shan ruwa kwana biyar kafin nasu. Gaskiya ce, ba ƙage ba. Mu kuma a unguwa muna da alƙalami, muna da lokaci, muna da haushi. Wasu suka mai da lissafin waƙa, wasu suka rubuta shi a bangon kasuwa, wasu suka ƙara gishiri inda babu. Ni ma na rubuta nawa, kuma an yaba. Kafin damina ta kankama, dubban masu alkyabba da dubban manoma suka hau matakalar katanga da rana tsaka. Masu Kujera suka leƙo suka ga abin da ke tafe, suka sauka ta ɗaya gefen, suka shiga kwale-kwale suka ƙetare tafki. Ko ƙwarzane ba a yi wa kowa ba. Kwana uku ana kiɗa a gari, manoma suka koma gona suna sa mana albarka.

A rana ta huɗu aka waiwayi kujerun, aka ga har yanzu arba'in ne.

Malam Tunau ya zauna a ta shugaba, ya sa kafintoci suka ƙara kujeru har ɗari huɗu, soron ya cika ba masaka tsinke. Saura dubu takwas suna waje suna tambayar da me waɗanda ke ciki suka fi su. Cikin wata guda unguwa ta dare gida bakwai. Kowane ɓangare da jagoransa, kowane jagora malami ne na gaske mai hujja a baki, kowanne ya kwashi mutanensa ya je ya tare a ƙofar ruwa guda. Malam Tunau ya rage da ƙofa ta huɗu kawai. Sauran shida kowanne ya rantse ba zai buɗe tasa ba sai an ba shi kujerar shugaba, shi kuma ya ce ba zai buɗe ba sai sun yi masa mubaya'a. Sama kuwa ba ta san ana yi ba, ruwa take zubarwa kullum.

Ni ma na sami muƙami a rabon, aka naɗa ni mai duba ma'auni na goma sha biyu. Ma'aunin ginshiƙi ne guda ɗaya a bakin tafki mai tsage-tsage a jiki, mu goma sha biyu aka ɗora a kansa, kuma ni kaɗai nake zuwa. A can na san Inna Tabawa. Tsohuwa ce kakkaura mai hannu kamar na maƙeri, ita ce shugabar masu shafa wa sarƙoƙin ƙofofi mai da liƙe tsagar katanga. Ta ce a zamanin uwarta su ɗari uku ne, yanzu su goma sha ɗaya, domin 'ya'yansu duk sun sa shuɗi, har da nata biyu. Da ta ga ina zuwa kullum, wata rana ta ce in biyo ta. Ta sauka da ni gindin katangar ta bayan gari, ta kama hannuna ta ɗora a kan dutse. Dutsen yana gumi. Ƙasa kaɗan, ruwa yana tsartuwa siriri kamar zare.

"Malam," ta ce, "ni ban iya lissafi ba. Amma shekara hamsin ina taɓa dutsen nan, bai taɓa jiƙa mini hannu ba."

Na zauna a wurin na yi lissafi sau uku. Kwana tara ya ba ni. In katangar ta fashe, ba birni ba ƙauye, har Tekun Ciyawa sai ruwan ya kai.

Na ruga wurin Malam Tunau. Ya karɓi allon, ya duba, ya ce na yi kuskure, kwana takwas ne. Na ce to Yaya, a buɗe ta huɗu. Ya ce ƙofa ɗaya ba za ta isa ba, kuma in ya buɗe shi kaɗai, sauran za su ce ya sallama, mutanensa su watse, kafin magariba wani ne a kujerar. Ya ce zai aika musu da takarda. Ya aika, suka amsa da takardu shida, kowace ta fi 'yar'uwarta kyawun hujja, kowace tana cewa laifin na wani ne. Kwana uku suka tafi a haka.

Da na koma wurin Inna Tabawa na gaya mata, ba ta yi mamaki ba. Ta tambaye ni abin da mutanen nan suka fi tsoro, tun da ba sa tsoron ruwa. Na ce kowannensu tsoronsa kada wani ya riga shi. Ina faɗa na ji dabarar ta faɗo mini.

Na bi jagororin ɗaya bayan ɗaya, har da Malam Tunau, kowanne na same shi a keɓe. Na rage murya na ce masa na ji sauran shida sun haɗa baki za su buɗe ƙofofinsu ranar Alhamis da hantsi ba tare da shi ba, kuma manoma sun yi alkawarin duk wanda ruwansa ya fara isa gona shi za su ɗauka a kafaɗa su kai kujerar shugaba. Kowanne ya yi mini godiya, ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. Malam Tunau ne kaɗai ya daɗe yana kallona kafin ya ce ya ji. Inna Tabawa kuma da mutanenta goma suka bi gida gida a gangaren gari suna kwashe mata da yara da tsofaffi zuwa tudu, domin ta san magudanan sun cike da yashi, shekaru ba wanda ya yashe su, ba za su iya ɗaukar ruwan ba.

Ranar Alhamis, gari na wayewa, kowane ɓangare ya yi sammako don ya riga sauran. Kowace ƙofa ana ɗaga ta ne da wani ƙaton gungume mai hannuwa, a juya shi ya naɗe sarƙa, kuma sai mutum sittin sun haɗa ƙarfi. Ba lebura ko ɗaya a wurin. Na tsaya a kan katanga ina kallo. Da farko suka yi cirko-cirko, kowa yana jiran wani ya taɓa. Sai aka ji ƙarar sarƙa daga ƙofa ta shida, nan fa kowa ya manta da doka. Alkyabba tana harɗe ƙafa, aka tuɓe ta aka yar. Na ga malaman da suka shekara ashirin ba su ɗaga tulu ba suna tura gungume, laka har gwiwa, suna haki suna yi wa juna kirari. Kafin rana ta take tsaka ƙofofi bakwai suna buɗe, ƙarar ruwa ta cika duniya.

Katangar ta tsaya. Amma magudanan suka yi ambaliya kamar yadda tsohuwar ta faɗa, ruwa ya shafe Unguwar Jira da rabin kasuwa, ya kwantar da gonaki masu yawa. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, sai awaki da kaji da littattafai. Ɗakinmu da tsamiyarmu duk suka tafi.

Da yamma jagororin suka nemi manoman da za su ɗauke su a kafaɗa, ba su ga kowa ba. Suka tambayi juna, magana ta fito. A karo na farko tun da aka kori Masu Kujera, su bakwai suka yarda da abu guda, wato a kama Jatau. Aka kulle ni a wani ɗaki a kan katanga mai ƙofar ƙarfe da ƙaton sakata. Sai dai da aka zo yanke hukunci, aka rasa wanda ke da ikon yankewa, aka koma muhawara. Kwana goma sha ɗaya ina zaune ina jin hayaniyarsu ta taga. Wasu na cewa a jefa ni tafki, wasu na cewa a fara tantance wanda zai ba da umarnin jefawar.

Sun riga sun wanke alkyabbunsu sun mayar, doka ta dawo, don haka sakatar ɗakina ta fi ƙarfin mutuncinsu. Kullum da azahar sai an kira mutanen Inna Tabawa su ɗaga ta a miƙo mini abinci, su kuma kwashe shara. A rana ta goma sha biyu Inna Tabawa ta shigo da kanta da mutum uku, ta ajiye kwando, ta ciro tsohuwar taguwa da ƙullin laka. Na tuɓe alkyabbata, na shimfiɗa ta a kan tabarma na cusa ciyawa a ciki kamar mai barci. Ta shafe mini fuska da ƙafafu da laka, ta ɗora mini kwandon shara a ka. Muka fito mu biyar, alhali su huɗu suka shiga. Masu gadi goma ne a ƙofar, dukansu gwanayen lissafi, amma ba wanda ya taɓa ƙirga masu ɗaukar kaya, balle ya kalli fuskarsu.

A gindin matakala muka yi kiciɓis da Malam Tunau yana hawowa. Ya tsaya. Ya gane ni, shekara uku muna ɗaki ɗaya. Ya matso kamar mai duba kwandon, ya ce a hankali, "Tun ranar na san ƙarya kake yi. Na buɗe ne don ka ba ni hanyar buɗewa."

Na ce, "Yaya, zo mu tafi. Akwai kwale-kwale."

Ya girgiza kai. Ya ce ya ba kujerar nan ƙuruciyarsa duka, bai san yadda ake zama a wani wuri ba. Ya ɗaga murya ya ce wa leburori su yi sauri su ba mutane hanya, ya wuce sama.

Inna Tabawa ta sa ni a kwale-kwalen wani ƙaninta, ita ta ce ba ta barin katanga. Muka bi magudana ta bakwai har ta faɗa kogi, muka bi kogin kwana talatin, ta cikin dajin da birai ke saƙa gada da kansu, ta gaban tsibirin da ƙasarsa ke da ɗumi kamar an sauke tukunya, har muka fito nan Gaɓar Kudu. Na tarar da ƙauyuka sun fi ɗari a bakin kogi, kowace shekara ambaliya tana cin shukarsu, ba mai iya gaya musu ranar da za ta zo. Na kafa ginshiƙi a bakin ruwa, na tsaga shi, na zauna ina duba. Shekarar farko na faɗi rana, aka yi mini dariya. Shekara ta biyu aka kwashe hatsi kafin ranar. A ta uku aka ba ni gona da mata, uwar 'ya'yan nan da kuke gani.

Na aika saƙo Birnin Marmaro ta hannun masu kwale-kwale cewa akwai ƙauyuka ɗari masu neman malami, ba kujera, ba mudu, sai gona da girmamawar maƙwabta. Shekarar farko mutum shida suka zo, suna sunkuyar da kai kamar masu laifi. Daga baya aka riƙa zuwa ashirin ashirin. Daga bakinsu na ji cewa rumbun gari ya ƙare, mudu ya tsaya, masu jira sun watse don dole, wasu sun koma yashe magudana a ƙarƙashin Inna Tabawa, har da 'ya'yanta. Kujerar shugaba kuwa ta sauya hannu sau tara a shekara goma.

Shekara goma sha huɗu da zuwana, wata rana da hantsi ina bakin kogi ina duba ginshiƙi, wani kwale-kwale ya tsaya. Wani tsoho dogo ya sauko da sanda, da 'yar jaka, cikin farar riga duk faci. Sai da ya yi sallama na gane muryar. Na rungume shi, na shiga tambayarsa hanya da gajiya da mutanen gida. Ya amsa a taƙaice. Ya ce ya zauna a kujerar shekara biyu da wata biyar, kuma bai taɓa yin barci mai daɗi a cikinsu ba. Ya ce ya ji ana neman malamai a ƙauyuka, ko akwai wanda zai karɓi tsoho.

Na ce akwai, amma sai ya ci abinci ya huta tukuna. Na ɗauki jakarsa na yi gaba. Da na waiwaya ba ya bayana. Yana tsaye a gaban ginshiƙina, ya sunkuya, yana bin tsagar da yatsa.

"Jatau," ya ce, "wa ya tsaga maka wannan?"

Na ce ni ne.

"Daga ta bakwai zuwa sama ka zarce da yatsa biyu."

Na ajiye jakar, na kawo igiya muka auna, ya zamana gaskiyarsa ne. Ya naɗe hannun riga, ya tattare wandonsa, ya shiga ruwa har gwiwa ya riƙe mini igiyar, ni kuma na ɗauko kurfi da guduma. Muna nan muna gyara har abincin ya huce, uwargida ta aiko sau biyu.

Shekara tara ya yi tare da mu, a ƙauyen da ke hayin kogi, kuma a can kabarinsa yake. Wannan shi ne abin da idona ya gani, ƙafata ta taka. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, abin da na manta kuwa tsufa ne. Ku tashi mu yi la'asar.